Abin da ya kamata ku sani: yadda ake tara kuɗin kai 'ya'yan talakawa kallon fim a Amurka

A watan Janairun 2018 wani matashi a birnin New York, Frederick Joseph, ya buɗe asusun neman taimako a shafin GoFundMe. Burinsa ya tara dala 10,000 a kai yaran unguwar Harlem silima su kalli Black Panther, fim ɗin da kusan duk jarumansa baƙar fata ne. Cikin 'yan kwanaki kuɗin suka haura dala 40,000, mutanen wasu garuruwa ma suka ɗauka, kowa yana tara wa yaran unguwarsu.

Ba kansa farau ba. A farkon 2015, da fim ɗin Selma ya fito, mai ba da labarin tattakin da Martin Luther King ya jagoranta a 1965 don baƙar fata su samu damar jefa ƙuri'a, wasu manyan 'yan kasuwa baƙar fata a New York sun haɗa kuɗin tikitin ɗalibai 27,000. Yaro ya nuna katin makaranta ko takardar sakamakonsa a bakin ƙofa, sai a ce masa shiga. A 2017 kuma jarumar fim Octavia Spencer ta sayi kujerun zaure guda a Los Angeles don iyalai marasa ƙarfi su kalli Hidden Figures.

Me ya hana makarantun biya da kansu? A Amurka kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje da filayen yankin yake fitowa. Inda gidaje ba su da daraja, makaranta ma aljihunta ba nauyi, kuma idan aka zo rage kashe kuɗi, fita yawon buɗe ido na cikin abin da ake fara sokewa. A unguwar masu hali takarda kawai ake aika wa iyaye, su sa hannu su haɗo da kuɗi.

Kuma tikiti ba shi kaɗai ne ɗawainiyar ba. Akwai hayar motar ɗalibai da direbanta, da abincin rana, da manyan da za su raka yara, wani lokaci har da ladan malamin da zai riƙe ajin da aka bari. Dole kowane yaro ya kawo izinin iyayensa a rubuce. Shi ya sa malamai da yawa ke bi ta shafin neman taimako na DonorsChoose, wanda wani malami a yankin Bronx na New York, Charles Best, ya kafa a 2000. Malami zai rubuta buƙatarsa da farashin komai, ƙungiyar ta tantance, jama'a su ba da abin da ya sawwaƙa, ita kuma ta biya kuɗin kai tsaye ba tare da sun shiga hannun malamin ba. Daga baya masu bayarwa su samu hotuna da wasiƙun godiya daga yaran.

Wani zai ce ai kallo ne kawai. Ku dubi Hidden Figures. Labarin gaskiya ne na mata uku baƙar fata, Katherine Johnson da Dorothy Vaughan da Mary Jackson, da suka yi aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta NASA a zamanin wariyar launin fata. Kafin ɗan sama jannati John Glenn ya tashi kewaya duniya a Fabrairun 1962, ya nemi Katherine ta sake duba lissafin kwamfuta da hannunta. Yarinyar da ta daɗe tana jin lissafi ba nata ba ne, ta zauna da ƙawayenta ta ga wannan a babban allo, wallahi ba ƙaramin abu aka yi mata ba.

Sai dai a ganina fim shi kaɗai ba ya koyar da kowa lissafi. Aikin na hannun malamin da ya shirya yara kafin a tafi, washegari kuma ya buɗe tattaunawa, ya ba su aikin rubutu, ya nuna musu littafin Margot Lee Shetterly da aka ciro labarin daga ciki. Don haka idan aka kawo muku ƙoƙon barar irin wannan tafiya, ko ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai ta yi niyyar shirya wa makarantarku, ku taimaka, amma ku tambaya tukuna: wane fim ne, wa zai biya mota, kuma me malam zai yi da yaran idan sun dawo aji?