Tasirin Kwamfuta da Wayar Hannu ga Hanyoyin Ɗaukar Ilimin Addini

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda kwamfuta da wayar hannu suka sauya dangantakar ɗalibin ilimin addini da littafinsa da kuma malaminsa. An auna abin da na'ura ke bayarwa da ma'aunin da malaman hadisi suka gindaya wajen ɗaukar ilimi da kiyaye shi. An nuna cewa na'ura ta sauƙaƙa isa ga nassi, amma nauyin tantance shi da fahimtar isɗilahin ma'abotansa yana nan a wuyan ɗalibi. An rufe da shawarwari ga malamai da ɗalibai.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, tun da layukan wayar salula suka fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, na'ura take ta kutsawa cikin harkar karatu. Daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta ɗungurungum, sannan rufe makarantu a lokacin annobar korona a 2020 ya sa darussa da yawa suka koma intanet. Ɗalibin addini bai tsira daga wannan sauyi ba. A yau yakan shiga aji da ɗaruruwan littattafai a aljihunsa, waɗanda kakansa kan yi tattaki zuwa wani gari don ya kwafi guda ɗaya daga cikinsu. Abin tambaya shi ne: wane matsayi wannan ilimi na aljihu yake da shi a ma'aunin malamai, kuma me yake ƙara wa ɗalibi, me yake rage masa?

2.0 Hanyoyin ɗaukar ilimi a wurin magabata

Ibnus Salah (ya rasu 643H) ya lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar hadisi: ji daga bakin malami, karanta wa malami, ijaza, munawala, mukataba, i'ilami, wasiyya, da wijada. Biyun farko su ne mafiya daraja, domin a cikinsu kunnen malami da na ɗalibi suna haɗuwa a kan lafazi guda. Wijada ita ce ta ƙarshe, wato mutum ya tsinci ilimi a rubuce ba tare da ya ji shi daga mai rubutun ba. Ta fuskar ruwaya, malamai sun ɗauke ta a matsayin yankakkiyar hanya. Ta fuskar aiki da ita an yi saɓani, kuma Ibnus Salah ya rinjayar da cewa a zamunan baya babu makawa sai an yi aiki da ita, da sharaɗin a amintu da cewa rubutun na wanda aka jingina wa ne.

A kan hanyoyin farko aka gina karatun zaure a ƙasar Hausa. Ɗalibi yana biya Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari har zuwa Mukhtasar, malami yana fassara masa kalma bayan kalma, yana gyara masa wasali. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo (ya rasu 1245H) ya rubuta Ida'un Nusukh don ya ambaci malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da littattafan da ya karanta, shi kuma Shaihu Usmanu ya tattara isnadansa a cikin Asanidul Faƙir. Ilimi a wurinsu abu ne mai nasaba, ana sanin daga hannun wa ya fito.

Idan aka auna da wannan ma'auni, duk abin da ɗalibi ya samo daga manhaja ko shafin intanet wijada ne. Saboda haka ba haramtacce ba ne, sai dai sharaɗin wijada yana binsa, wato tabbatar da ingancin jinginawa.

3.0 Abin da na'ura ta sauƙaƙa

Neman hanyar gano hadisi cikin sauri tsohuwar buƙata ce. Hafiz Mizzi (ya rasu 742H) ya rubuta Tuhfatul Ashraf don a san wuraren hadisai a cikin littattafai shida. A ƙarnin da ya wuce aka fitar da Al-Mu'ujamul Mufahras na lafuzan hadisi a birnin Laidin na ƙasar Holan, wanda ya ƙunshi littattafai tara. Juzu'insa na farko ya fito a 1936, na bakwai bai fito ba sai 1969. Aikin da ya ci shekaru fiye da talatin ana tattara shi, yau manhajar Maktabatush Shamila, wadda ta fito kyauta a 2005, tana yin irinsa cikin daƙiƙoƙi, kuma a kan dubban littattafai.

Amfanin wannan a fili yake. Ɗalibin da ke garin da babu ɗakin karatu yana iya tattara hanyoyin hadisi guda, ya duba tarihin maruwaitansa a Tahzibul Kamal, ya kwatanta maganganun malamai a kansu. Matan aure da ba su da halin fita suna bin darussa daga ɗakunansu. Makaho yana sauraron karatun littafi sau nawa ya so. Rubutattun littattafan malaman Sakkwato da Borno da Timbuktu, waɗanda gara da ruwan sama ke barazana gare su, ana ɗaukar hotonsu a adana. Buharin da kansa ya ambaci tafiyar wata guda da Jabir ɗan Abdullahi ya yi zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya, don haka wanda aka rage wa irin wannan wahala ya cancanci ya yi godiya.

4.0 Wuraren da ɗalibi ke tuntuɓe

4.1 Ingancin nassi

Littattafan da ke cikin manhajoji mutane ne suka buga su da hannu, ko kuma na'ura ta karanto su daga hoton shafi. Duk hanyoyin biyu suna haifar da tas'hifi, wato sauyawar kalma saboda ɗigo ko kamannin haruffa. Cutar tsohuwa ce. An ruwaito cewa Abubakar As-Suli ya karanta kalmar "sittan" a matsayin "shai'an" a hadisin azumin Shawwal, sai kwana shida suka koma "wani abu". Maganin da magabata suka yi wa wannan shi ne muƙabala, wato kwatanta kwafi da asalinsa. Kwafin Sahihul Buhari na Yunini (ya rasu 701H) ya sami daraja ne saboda an kwatanta shi da amintattun asulla a majalisai da Ibn Malik, mai Alfiyya, ya halarta, kuma a kansa aka dogara wajen bugun Sulɗaniyya na maɗaba'ar Bulaƙ. Ita kanta Shamila tana bayyanawa a katin kowane littafi ko lambobin shafukansa sun dace da bugagge ko ba su dace ba, amma ɗalibai ƙalilan ne ke duba wannan kati kafin su kwafa.

4.2 Hukuncin hadisi

Shafuka irin su Ad-Durarus Saniyya suna kawo hadisi tare da hukuncin da wani malami ya yi masa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar hukuncin isnadi a matsayin hukuncin matani. Malami yana iya raunana wata hanya ta musamman da ke cikin Mu'ujamin Ɗabarani, alhali matanin ya tabbata a Buhari ta wata hanyar. Wanda ya tsaya a sakamakon farko da ya bayyana a fuskar wayarsa sai ya hau mumbari ya raunana ingantaccen hadisi. Haka nan lambar hadisi ba ta wadatarwa idan ba a faɗi bugu ba. A lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, Sahihu Muslim yana ƙarewa a lamba 3033, alhali bugun da ke ƙirga maimaitattun hadisai suna wuce dubu bakwai.

4.3 Isɗilahin fannoni

Bincike da kalma yana kai ɗalibi tsakiyar littafi ba tare da ya bi ta ƙofarsa ba. A gabatarwar Mukhtasar, Shaihu Halil ya bayyana alamominsa: "fiha" tana nuni ga Mudawwana, lafazin ikhtiyari ga Lakhmi, tarjihi ga Ibn Yunus, zuhuri ga Ibn Rushd, ƙauli kuma ga Maziri. Wanda bai karanta wannan a gaban malami ba zai fassara su da ma'anarsu ta lugga, ya ɓata mas'alar. Kalmar "shaikhani" kuwa a wurin malaman hadisi Buhari da Muslim ne, a wurin Malikawa Ibn Abi Zaid da Ƙabisi, a wurin Shafi'awa Rafi'i da Nawawi, a wurin Hanafawa Abu Hanifa da Abu Yusuf. Wannan ne ya sa Shaɗibi (ya rasu 790H) a cikin Muwafaƙat ya sharɗanta wa mai ɗaukar ilimi daga littattafai ya fara sanin manufofin fannin da isɗilahin ma'abotansa daga bakin malamai.

4.4 Hadda da kiyayewa

Malaman hadisi sun kasa kiyayewa gida biyu: ta ƙirji da ta littafi. Wani bincike da Betsy Sparrow da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2011 ya nuna cewa idan mutum ya san bayani yana ajiye a kwamfuta, ya fi tuna inda aka ajiye shi fiye da bayanin kansa. Ga ɗalibin shari'a wannan babbar asara ce, domin istinbaɗi yana buƙatar nassosi su hallara a zuciya lokaci guda, a gane wanda ya keɓance wani da wanda ya ƙayyade wani. Na'ura tana nemo abin da aka tambaye ta ne kawai, wanda kuwa bai san da wanzuwar hadisi ba, ba zai san ya neme shi ba. Tun kafin zuwan na'ura, Ibn Khaldun (ya rasu 808H) ya yi gargaɗin cewa yawan wallafe-wallafe na iya zama cikas ga ɗalibi, kuma ƙwarewa tana samuwa ne ta maimaitawa da tattaunawa da haɗuwa da malamai.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Tsangayu a ƙasar Hausa da Borno suna karatu da ruwayar Warshu, alhali mafi yawan manhajojin Alƙur'ani suna buɗewa ne da ruwayar Hafsu. Mus'hafan Hafsu suna bin ƙidayar Kufa mai ayoyi 6236, na Warshu kuwa galibi suna bin ƙidayar Madina ta ƙarshe mai ayoyi 6214, shi ya sa Baƙara take da ayoyi 286 a ɗaya, 285 a ɗayan. Yaron da ke hadda a allo da Warshu, yana kuma sauraron Hafsu a waya, yana iya cakuɗa ruwayoyin biyu bai sani ba, matashin da bai san ilimin ƙira'a ba kuma ya ɗauka alaramma ne ya yi kuskure.

4.5 Ƙirƙirarriyar basira da amanar ilimi

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, ɗalibai suka sami na'urar da ke amsa tambaya da cikakkun jimloli. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne a kan tarin rubuce-rubuce, suna harhaɗa amsa ta hanyar hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Saboda haka suna iya ƙera matani mai kama da hadisi, su jingina shi ga littafi na gaske, har da juzu'i da shafi, alhali babu shi a can. Wannan ya yi kama da abin da malamai suka sani na harhaɗa wa matani isnadin da ba nasa ba, sai dai na'ura ba mukallafa ba ce, don haka alhakin yana komawa kan wanda ya yaɗa. Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa gargaɗi ga mai faɗar duk abin da ya ji, da mai ruwaito abin da ake zaton ƙarya ne.

Haka kuma ɗalibin da ya kwafo magana daga manhaja, sannan ya rubuta sunan bugun da bai taɓa buɗewa ba, ya yi abin da ya yi kama da tadlisi. Wanda ya miƙa kundin da na'ura ta rubuta masa da sunansa, hadisin Asma'u 'yar Abubakar da ke cikin Buhari da Muslim, game da mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba, ya isa ya tsoratar da shi. Cutarwar ba ta tsaya a kansa ba, domin shi ne zai zama limami ko alƙali gobe, a tambaye shi hukuncin saki ko rabon gado.

5.0 Shawarwari

Na farko, a ɗauki manhaja a matsayin fihirisa: a nemo wuri da ita, sannan a koma ga bugaggen littafi ko hotonsa a kwatanta kafin a naƙalto. Na biyu, kada a yanke wa hadisi hukunci sai an tattara hanyoyinsa, an kuma karanta maganar malamin a littafinsa. Na uku, kowane sashe na jami'a ya tabbatar ɗalibi ya sauke aƙalla matani ɗaya a kowane fanni a gaban malami, daga bango zuwa bango. Na huɗu, a ba hadda da jarrabawar baki kaso mai nauyi a cikin maki, domin a nan ne ake gane abin da ke ƙirjin ɗalibi. Na biyar, darasin hanyoyin bincike ya haɗa da koyar da amfani da manhajoji da sanin aibobinsu, a kuma wajabta wa ɗalibi bayyana duk inda ya nemi taimakon ƙirƙirarriyar basira. Na shida, masu koyar da Alƙur'ani su zaɓa wa yara manhaja da makarancin da suka dace da ruwayar da ake biya musu.

6.0 Kammalawa

Al'ummar Musulmi ta karɓi takarda, ta karɓi maɗaba'a, ta karɓi rediyo da kaset, kuma a kowane karo malamai sun gindaya sharuɗɗan da suka tsare ilimi daga gurɓata. Kwamfuta ma tana buƙatar irin wannan hidima. Sharuɗɗan kuwa suna nan a littattafan musɗalahi tun ƙarnoni: tabbatar da jinginawa, muƙabala, sanin isɗilahi, da gaskiya wajen faɗin inda aka samo magana. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan zai amfana da na'ura fiye da kowa. Wanda ya sake su kuwa, yawan littattafan da ke wayarsa ba zai hana shi yin fatawa da kuskure ba. Allah ne Mafi sani.