Lambun Gida a GRA ta Bauchi: Noma da Takin Gargajiya Daga Damina Zuwa Bazara

BAUCHI — Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kayan gwari ya ƙaru, kuma magidanta a birnin Bauchi suna jin abin a aljihunsu duk ranar da aka aika cefane Kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti. Wannan ya dawo da maganar lambun bayan gida, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta yi yekuwarsa a 1976 a ƙarƙashin shirin ciyar da ƙasa. A 2024 ma uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta ƙaddamar da gasar kafa lambu a kowane gida.

Unguwar GRA, wadda aka shata tun zamanin Turawa domin manyan ma'aikata, tana da abin da gidajen cikin ganuwa suka rasa: fili mai faɗi, katangar da ke hana awaki shiga, da manyan itatuwa masu zubar da ganye. Sai dai fili kaɗai ba ya kawo riba. Lambun da ba a zuba masa takin zamani ko maganin feshi yana biyan mai shi ne idan ya gyara ƙasarsa, ya kuma shuka kowane iri a lokacinsa.

Jarin farko shi ne taki. Ana haƙa rami a inuwa, a jera busasshen ganye da ɓawon kayan miya da kashin shanu ko na kaji da ɗan toka, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa, ana juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku sai ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, saboda haka tilas a bar shi ya huce. Amfanin wannan taki ya wuce ciyar da tsiro, domin yana sa ƙasa ta riƙe danshi, abin da buhun takin zamani ba ya yi.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, Bauchi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Wannan ne lokacin kuɓewa da alayyafo da rama da yakuwa da lalo da kabewa, waɗanda ba sa tsoron laima. Ana tayar da kunya mai tudu don kada ruwa ya kwanta a gindin shuka. Tumatir kuwa yana shan wahalar cututtukan ganye a wannan lokaci, dalilin da ya sa yake tsada ke nan. Wanda ya kafa masa sanda ya ɗaga shi daga ƙasa, ya riƙa cire ganyen da ya kamu, zai ci nasa a lokacin da kwando ya fi ƙarfin talaka.

Da kaka ta kama a watan Oktoba, sai a yi renon iri. Sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin tumatir da tattasai da albasa da kabeji da latas da karas. Amma ɗan kasuwa ya lura: a daidai wannan lokaci ne kayan fadama suke cika kasuwa, farashi ya faɗi. Ribar mai lambu a nan ba ta sayarwa ba ce, ta adanawa ce. Iskar hunturu tana busar da yankakken tumatir ya zama kauɗa, haka tattasai da kuɓewa, a ajiye su har ranar tsada.

Bazara ita ce jarrabawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40, alhali furen tumatir yana zubewa da zarar zafi ya haura 35. Ruwan famfo daga Madatsar Gubi an tanade shi ne domin sha da aikin gida, rijiyar burtsatse kuma tana cin wuta ko man janareta. Hikima a nan ita ce a rage faɗin lambu, a rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, a yi ban-ruwa da asuba ko da yamma a gindin shuka, a mayar da 'yan tsirarun irin cikin buhuna a ƙarƙashin inuwa. Zogale yana jure wannan hali, ya ba da ganye lokacin da sauran suka bushe.

Batun ƙwari ma yana da nasa lissafin. A 2016 tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Mai ƙaramin lambu yana da mafita a ƙofar gidansa: 'ya'yan dogon yaro. Ana daka kimanin giram 50 a jiƙa a lita guda ta ruwa, ya kwana, a tace, a fesa da yamma, a maimaita kowane mako domin rana tana kashe ƙarfinsa. Sauya wurin shuka kowace shekara, da sanya wake ko gyaɗa a tsakani, suna rage cuta su kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ga masu neman inda za su zuba jari, akwai ƙofofi a gefen wannan harka: haɗa taki a sayar a buhu, renon iri, da kai ɗanyen ganye otal-otal da gidajen abinci. Ana iya neman shawarar malaman gona na Hukumar Raya Aikin Gona ta Jihar Bauchi, BSADP, da masanan aikin gona na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ke son latas a Disamba, tun a Agusta zai haƙa ramin takinsa.