Kada Ka Kashe Antibayiros Saboda Saƙon WhatsApp

Wani saƙo yana ta zagaye a zaurukan WhatsApp na dangi da na abokan karatu, kowa yana turawa da niyyar taimako. Abu huɗu yake faɗa: wai kamfanonin antibayiros su ne ke ƙirƙirar bayiros don su yi ciniki, wai kwamfutar Apple ba ta kamuwa, wai haɗa antibayiros biyu yana sa kwamfuta nauyi, sannan wai antibayiros ne tushen duk wani jan ƙafa da kwamfuta ke yi, don haka a cire shi, har Microsoft Defender da ke zuwa da Windows a kashe shi.

Na farko zargi ne da aka daɗe ana yi, ba a taɓa kawo hujja a kansa ba. Na biyu ƙarya ne: a 2012 wani bayiros mai suna Flashback ya kama kwamfutocin Mac wajen 600,000. Na uku gaskiya ne, domin biyun za su riƙa rige-rigen bincikar fayil ɗaya, shi ya sa Defender yake ja da baya da kansa idan ka saka wani. Na huɗun ne ke da haɗari, saboda an cakuɗa shi da gaskiya kaɗan.

Ga gaskiyar. Antibayiros kamar maigadi ne a bakin ƙofa: duk fayil ɗin da za ka buɗe, ko ka kwafa, ko ka sauko da shi daga intanet, sai ya tsayar da shi ya duba. Dubawar tana cin lokaci, tana kuma cin wani kaso na ƙarfin injin. An fi jin haka a wurare uku: lokacin saka sabuwar manhaja, lokacin kwafar dubban ƙananan fayiloli, da lokacin da yake bincikar kwamfutar gaba ɗaya. Cibiyoyi masu zaman kansu, irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, suna auna wannan nauyi a kai a kai. Abin da gwajinsu ke nunawa shi ne akwai bambanci tsakanin wannan manhaja da waccan, amma a kwamfutar zamani nauyin mafi yawansu ƙalilan ne.

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata saƙon ba. Wanda ya yi aiki da antibayiros ɗin Norton na wajen 2006 bai manta yadda yake riƙe kwamfuta ba. Kuma mutanenmu da yawa kwamfuta ta hannu suke saya, mai RAM gigabait 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda masu gyara ke kira HDD. A irin wannan, da zarar an fara bincike sai ka danna abu ka zauna jira. Wanda ya sha wannan wahala, idan aka ce masa ga mai laifi, dole ya saurara. Wanda nake jin haushi shi ne wanda ya zauna ya tsara saƙon da muryar gwani, ya ba da shawarar da ba shi ne zai kwashi asararta ba.

Masu cutar mutane sun fi kowa son a kashe antibayiros. Duba manhajojin sata, waɗanda ake kira kirak: kusan kowacce umarninta na farko shi ne ka kashe Defender kafin ka saka ta. A 2021 kamfanin Avast ya bankaɗo wani bayiros mai suna Crackonosh, da aka ɓoye cikin wasannin kwamfuta na sata. Yana shiga sai ya kashe antibayiros, ya hana Windows sabunta kanta, sannan ya sa injin ya dinga haƙo kuɗin intanet na Monero don amfanin wasu. Sama da kwamfutoci 222,000 ya kama. Alamarsa kuwa ita ce nauyi da zafi da fankar da ba ta hutawa. An gudu ba a tsira ba ke nan: mutum ya kori antibayiros don neman sauri, ya ƙare da kwamfutar da ta fi da jan ƙafa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. STOP, ko Djvu, shi ma ta manhajojin sata ya fi yaɗuwa. Yana kulle hotuna da takardu duka, ya bar wasiƙa yana neman kuɗi: a da dala 980 yake nema, ko 490 idan an tuntuɓi masu shi cikin awa 72. A nan gida kuma, duk ɗalibin da ya taɓa kai filashi shagon buga takardu ya san abin da ke biyo baya: ka dawo ka soka, ka tarar manyan fayilolinka sun ɓace, sai gumaka masu 'yar kibiya a ƙasa. Danna ɗaya ya isa cutar ta shiga, idan babu abin da zai tare ta.

Ba zan rantse cewa antibayiros ba shi da hannu a nauyin kwamfutarka ba, domin wani lokacin yana da shi. Amma ana iya gani da ido. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Dubi layukan CPU da Memory da Disk, ka danna kan kowanne don mai cin kaso mafi tsoka ya hau sama. Defender yana fitowa da sunan Antimalware Service Executable. Idan ya hau na ɗan lokaci ya sauka, aikinsa yake yi. Sau da yawa abin da za ka tarar a sama shi ne Chrome da shafuka ashirin a buɗe, ko tarin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. Idan Disk ne ke maƙale a 100%, sau da yawa faifan ne ya gaza, kuma sauya shi da faifai marar juyawa, wato SSD, yana kawo saurin da cire antibayiros ba zai taɓa kawowa ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, injin ya yi zafi ya rage gudu da kansa.

Idan kuwa kwamfutar ta zo da antibayiros na gwaji wanda wa'adinsa ya ƙare, cire shi ta hanyar da ta dace, Defender zai karɓi aikin kyauta. Ka bar guda ɗaya, ka bar shi yana sabunta kansa, ka sa babban bincike a lokacin da ba ka aiki. Duk manhajar da ta ce sai ka kashe kariyarka kafin ta shiga, ita ya kamata ka goge.