Tsakanin Samaru da Shika: Me Ya Hana Fasaha Shiga Ɗakin Magani?

Daga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru zuwa asibitin koyarwarta da ke Shika tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Sai dai a ganina masu koyar da zane da wasan kwaikwayo a nan, da likitocin ƙwaƙwalwa a can, sun daɗe suna zaman 'yan marina, alhali akwai majinyatan da ke bukatar su tare.

Bahaushe ba ya son faɗin abin da ke cin ransa. Ka tambayi wanda ya yi wata uku a daji hannun masu garkuwa da mutane yaya ya ƙara ji da jiki, zai ce maka "Alhamdu lillahi", kuma ya yi daidai. Amma mai ɗakinsa ta san ba ya barci, ta san ƙarar babur kaɗai na sa shi zabura. Kunya da kawaici sun rufe bakin babba, yaro kuwa bai ma mallaki kalmomin ba. Tun daga harin Kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021 zuwa sace ɗaliban Kuriga a Maris na 2024, Jihar Kaduna ta tara irin waɗannan bayin Allah. Mun iya biyan kuɗin fansa da zuwa barka da arziki, daga nan sai kowa ya watse.

Yin magani da fasaha ba sabon abu ba ne. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa wa abin suna a 1942, bayan ya ga yadda zane ya taimake shi lokacin da yake jinyar tarin fuka. A nan gida, Ulli Beier ya raba wa masu taɓin hankali fenti da takarda a Lantoro da ke Abeokuta a farkon shekarun 1950. Sirrin abin shi ne ratar da fasaha ke sanyawa tsakanin mutum da ciwonsa. Yarinyar da ba za ta iya cewa "an harbe babana a gabana" ba, za ta iya zana wani mutum kwance, ta yi bayanin "wannan mutumin". Sannu a hankali, tare da gwanin da ya san lokacin tambaya da lokacin yin shiru, labarin sai ya zama nata, ta iya faɗinsa ba tare da makyarkyata ba. Iyayenmu mata ma sun san wannan dabara: abin da matar aure ba ta isa ta faɗa wa miji ko kishiya ba, a waƙar niƙa take amayar da shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, rabin aikin an riga an yi shi a Samaru. A 1975 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar, aka gina dandalin nan na jar ƙasa wanda Steven Ehrlich ya tsara. Daga nan aka sami Wasan Manoma, da shirin da ke tura ɗalibai cikin unguwannin Samaru su zauna da jama'a, su saurari kukansu, su mayar da shi wasa, a yi a bainar jama'a, sannan a tattauna. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun kai wannan salo nesa. Sauraro shi ne ginshiƙinsa, kuma shi ne ginshiƙin jinyar damuwa.

Amma a yi hattara. Matsalar ruwa ko shara ko takin zamani ta kowa ce, ana iya baje ta a dandali. Fyaɗe da firgici ba haka suke ba. Ɗalibin da zai sa mace ta kwaikwayi ranar da aka sace ta, a tafa masa, ya koma ya karɓi makinsa, fama mata gyambo kawai ya yi. Wannan aiki yana bukatar ɗaki a rufe, da riƙon amana, da likita a kusa, domin zane ba ya maye gurbin magani ga wanda cutarsa ta yi tsanani. Wanda kuma bai yarda da kiɗa ba kada a tilasta masa. Akwai saƙa, da ɗinkin hula, da ginin tukwane, da rubuta waƙa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar kula da majinyata a cikin al'ummarsu. Shawarata ita ce sassan zane da wasan kwaikwayo su haɗu da sashen ƙwaƙwalwa na Shika su tsara kwas guda na shekara ɗaya, a gwada shi a ƙaramin asibiti ɗaya a mazaɓar Jama'a da wani a Sabon Gari, mata daban, yara daban, sau ɗaya a mako. Likitoci su riƙa auna barci da cin abinci da komawa makaranta, tun daga ranar farko har wata shida, a buga sakamakon ko da bai yi mana daɗi ba.