Moduganari: Bargon ɗan riƙo da sunan da ya kamata a ɗinka a kansa

Unguwar Moduganari da ke Maiduguri sunan mutum take ɗauke da shi. A harshen Barebari, Modu shi ne Muhammadu, gana na nufin ƙarami, ɗafin "ri" kuwa yana nuna mazaunin wani, kamar yadda Shehuri take unguwar Shehu, Hausari kuma unguwar Hausawa. Ke nan duk wanda ya tsayar da Keke Napep ya ce a kai shi Moduganari, ya ambaci Modu Gana, ko ya san shi ko bai san shi ba. Sai ga shi birnin da ya iya adana sunan mutum a jikin ƙasa yana cike da yaran da ba su mallaki ko abu guda mai ɗauke da sunansu ba.

Tun daga 2014, lokacin da Gwoza da Bama da Dikwa suka faɗa hannun mayaƙan Boko Haram, jama'a suka riƙa kwararowa Maiduguri. Sansanoni irin su Bakassi da Dalori su ne suka fi fitowa a labarai, amma mafi yawan waɗanda suka gudo a gidajen 'yan uwa da na masu tausayi suka sauka, cikin unguwanni irin su Moduganari. A 2017, Gwamnan Borno na lokacin, Kashim Shettima, wanda yanzu shi ne Mataimakin Shugaban Ƙasa, ya bayyana cewa rikicin ya bar marayu fiye da 50,000 a jihar. Da yawa daga cikinsu riƙo ne ya rufa musu asiri: goggo ta ɗauki ɗaya, kawu ya ɗauki biyu, maƙwabciya ta haɗa wani da nata 'ya'yan, domin ɗa na kowa ne.

Sai dai riƙo a cikin talauci ba ya zama wuri ɗaya. Mariƙiya takan rasu, ko ta yi aure, ko abinci ya gaza, sai a miƙa yaro ga wani gidan. A 2021 gwamnatin jihar ta fara rufe sansanonin da ke cikin birni, iyalai suka sake watsuwa. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta raba kimanin mutum 400,000 da muhallinsu, har aka sake buɗe Bakassi. A kowane irin wannan tashi, kayan ɗan riƙo ba sa wuce ƙulli ɗaya a leda ko a buhu, kuma ko a cikin ƙullin ba kasafai ake samun abin da kowa ya yarda nasa ne ba.

Zanen aro

Bargo na cikin kayan da aka fi rabawa a Borno, musamman idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu. Hukumar NEMA da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da ƙungiyoyin agaji da 'yan siyasa duk suna rabawa. Yawanci sunan magidanci ake rubutawa a takardar rabo, don haka bargon na gida ne. Idan dare ya yi sanyi, babba ya fi ƙarami ƙarfin ja, ɗan gida kuma ya fi ɗan riƙo bakin magana. Ranar da yaron zai koma wani hannu, bargon yakan tsaya inda aka karɓe shi. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

Duk wanda ya taɓa shirya rabon tallafi ya san cewa kayan ba sa rasa rubutu. Akwai tambarin hukuma, akwai lambar kwangila, wani lokaci har da hoton mai gida da sunan mazaɓarsa. Suna ɗaya ne ba a cika gani ba, wato na wanda zai lulluɓa.

A Amurka, inda ɗinkin bargon ƙyallaye tsohuwar sana'ar mata ce, al'ada ce a ɗinka ɗan farin ƙyalle a bayan bargo mai ɗauke da sunan maɗinkiya da shekara da sunan wanda aka yi dominsa. Ƙungiyar Project Linus, wadda Karen Loucks ta kafa a birnin Denba a 1995, ta raba miliyoyin bargunan hannu ga yara marasa lafiya da waɗanda ke cikin ƙunci, ciki har da 'yan riƙo. Can ma an daɗe ana kokawa da yadda ake mayar da ɗan riƙo daga gida zuwa gida da kayansa a ledar shara. Dalilin ba shi bargon ke nan: ya samu abu ɗaya da zai bi shi duk inda aka kai shi.

Ƙyalle a matsayin shaida

Amfanin ƙyalle mai alama ya wuce kwantar da hankalin yaro. A Landan, gidan jarirai na Foundling Hospital, wanda Thomas Coram ya samu izinin kafawa a 1739, ya fara karɓar yara a 1741. Ana sauya wa kowane jariri suna da zarar an karɓe shi, saboda haka uwa takan bar wata alama, ko tsaba, ko maɓalli, ko yankin tufafi, a maƙala a takardar shigarsa, don ta iya gane ɗanta in hali ya yi. Daga cikin yara fiye da 16,000 da aka kai tsakanin 1741 da 1760, ƙalilan ne ƙwarai aka dawo aka ɗauka. Kimanin ƙyallaye 5,000 na nan ajiye har yau.

Wannan tarihi bai yi nisa da Borno ba. A 2022, ƙungiyar agaji ta ICRC ta ce tana da rajistar mutum fiye da 25,000 da suka ɓata a Najeriya, kusan 14,000 daga cikinsu yara ne, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Masu aikin sada iyalai da suna suke farawa: sunan yaro, sunan mahaifi, sunan mahaifiya, sunan gari. Yaron da ya bar ƙauyensu yana ɗan shekara uku yakan tashi da laƙabin da gidan riƙo ya ba shi. A yankin da Modu da Bukar da Falmata da Yagana suka cika kowane layi, sunan yanka kaɗai ba ya rarrabe mutum. Idan tsohuwar da ta san mahaifinsa ta rasu ba a rubuta ba, zaren ya tsinke.

Addini da doka sun haɗu a kan wannan. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunayen ubanninsu, abin da ya sa aka daina jingina Zaidu bin Harisa ga Manzon Allah (SAW) aka mayar da shi ga mahaifinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta tanadi haƙƙin suna a sashe na 7, ta kuma ambaci kafala a sashe na 20. Sashe na 5 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya wajabta raɗa suna da rajistar haihuwa, Gwamna Babagana Umara Zulum kuma ya sanya hannu a kan dokar kare yara ta Borno a Janairun 2022. Ƙyalle ba zai maye gurbin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba, amma takarda tana jiƙewa, zare kuwa yana jure wanki.

Hannun da za su yi aikin

Maiduguri ba ta rasa masu allura ba. Mutanen Bama da suka yi gudun hijira sun taho da sana'ar ɗinkin hula, wadda ta ciyar da gidaje da dama, hula ɗaya kuma takan ci makonni. Hannun da ya iya wannan surfani ba zai gaza a kan haruffa goma sha biyar ba. Teloli a Kasuwar Monday da cikin unguwanni kullum suna share ragowar atamfa da shadda. Bargon ƙyallaye hawa uku ne: saman da aka harhaɗa, auduga ko tsohon mayafi a tsakiya, sai shimfiɗar baya. Idan aka ɗora ƙyallen suna kafin a bi hawa ukun da ɗinki, ba ya ciruwa sai an farke bargon.

Akwai kuma abin kiyayewa. Suna linzami ne, kuma baƙon da ya kira yaro da sunansa ya riga ya sami rabin amincewarsa, don haka a kusurwar ciki ake sa shi. Sunan yaro da na mahaifinsa sun wadatar, da boko ko da ajami, bayan an tambayi yaron da mariƙinsa yadda ake faɗa. Kalmar "maraya" ba ta da gurbi a wurin, haka ma duk abin da zai nuna ɓangaren da mahaifinsa ya mutu a kai. Barista Zannah Mustapha, wanda ya kafa makarantar Future Prowess a Maiduguri a 2007 kuma ya karɓi lambar yabo ta Nansen a 2017, ya zaunar da 'ya'yan jami'an tsaro da 'ya'yan mayaƙa a aji ɗaya cikin tufafi iri ɗaya. Yaron da ba a san mahaifinsa ba kuwa, a rubuta sunan da yake amsawa, a bar fili a gabansa.

Ma'aikaci ko hadimin da ke tsara rabon hunturun bana yana da abin yi tun daga tebur. Jerin masu karɓa zai iya ɗaukar sunayen yara maimakon na magidanta kaɗai, a tattara su ta hannun bulamomi da Ma'aikatar Harkokin Mata ta jihar, a gayyaci jami'in rajistar haihuwa wurin rabon. Kuɗin da ake warewa don buga hoton mai gida a jikin kaya zai iya komawa ladan matan da za su ɗinka sunayen. Mai gida zai rasa hotonsa a kan bargo. Yarinyar da za a mayar daga Moduganari zuwa gidan wata goggo a Bama kuwa za ta naɗe nata ta tafi da shi, kuma babu mai cewa ta ajiye.