Ambaliyar Farat Ɗaya a Unguwar Peckham ta Landan

Yau za mu leƙa Peckham, unguwar nan ta kudancin Landan inda 'yan Najeriya suka yi kaka-gida, domin mu ga yadda hadari ɗaya kan mai da titi ya zama rafi.

Da an ce ambaliya a Landan, sai hankali ya koma kan kogin Thames. To amma ruwan da ya fi yi wa mazauna Peckham barazana daga sama yake zuwa. A lokacin zafi, iska mai ɗumi ɗauke da danshi takan tashi sama da sauri, ta huce, ta haɗa hadari mai tsawa da walƙiya. Irin wannan hadari kan zubar da ruwan makonni cikin awa ɗaya ko biyu. Masana sun ce duk ƙarin digiri ɗaya na zafi, iska kan ƙara riƙe danshi da kimanin kashi 7 cikin 100.

Ina wannan ruwa zai je? Kwalta da kankare ba sa shan ruwa. Manyan magudanan birnin kuwa, injiniya Joseph Bazalgette ya gina su tun wajen shekarun 1860. Ga kuma ƙaramin kogin Peck, wanda aka binne akasarinsa a ƙarƙashin unguwar. Idan magudanai suka cika, ruwa sai ya bi tsohuwar hanyarsa ta gangare, ya shiga shaguna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya san Kano da damina, ya ga kwatami ya toshe, ya san zancen.

Haka ta faru a watan Afrilun 2004 a Herne Hill da Dulwich, maƙwabtan Peckham. A ranakun 12 da 25 ga Yulin 2021 kuma, ruwa ya shiga tashoshin jirgin ƙasa da gidaje a sassan Landan, har asibitocin Whipps Cross da Newham suka roƙi jama'a su nemi wasu asibitocin.

Irin wannan hadari kan haifi guguwa mai juyawa kamar mazari. Birtaniya kan ga kimanin 30 a shekara, galibinsu ƙanana, amma wadda ta afka wa Kensal Rise a arewa maso yammacin Landan ranar 7 ga Disambar 2006 ta lalata gidaje sama da 100 cikin ɗan lokaci kaɗan.

To mene ne abin yi? Ku riƙa bibiyar gargaɗin hukumar kula da yanayi ta Met Office: ruwan ɗorawa, ruwan goro, sannan ja mafi tsanani. Kada ku ratsa ruwa mai gudu. Zurfin santimita 15 kan kayar da babban mutum, 30 kuma kan ɗaga mota. Mai kwana a ɗakin ƙasa ya hau sama tun da wuri, ya ɗauki fasfo da magungunansa. Idan ana tsawa, kada a fake gindin bishiya. In kuwa guguwa ce, a shiga tsakiyar gida, nesa da taga.

Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.