Saiti Ɗaya a Kwamfutoci Da Yawa: Misali Daga Manhajar Vim

Mai nazarin Hausa da ke kwafar tsofaffin matani ko tattara kalmomin ƙamus ba kasafai yake dogara da kwamfuta ɗaya ba. Ta ofis tana aiki da Windows, ta gida wataƙila Linux ce ko macOS. Idan yana amfani da manhajar gyaran rubutu irin Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, duk horon da ya yi mata yana ƙunshe ne cikin fayil guda na saiti, wanda sunansa .vimrc a Linux da macOS, a Windows kuwa _vimrc.

A wannan fayil ake koya wa manhajar haruffa masu ƙugiya. A jerin Unicode lambar ƙ ita ce 409, ta ɓ 595, ta ɗ 599, kuma umarnin digraph yana ba da damar ɗaura kowace lamba a kan haɗin maɓallai biyu. Idan saitin ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, yatsa zai bi abin da ya saba, ƙugiyar ta ƙi fitowa, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. A kundin kalmomi dubbai, irin wannan kuskure yana lalata ƙirge da bincike ba tare da an ankara ba.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a ajiye fayil ɗin a rumbun Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke riƙe tarihin kowane gyara. Kowace kwamfuta sai ta jawo kwafi daga can. Yawo da shi a filashi ma yana yi, amma bayan ɗan lokaci mutum ba ya iya tantance wane kwafi ne na ƙarshe.

Abin da ya bambanta tsakanin na'urori, kamar hanyar zuwa wurin ajiya ko nau'in haruffan da ake nunawa a allo, ana killace shi cikin sharaɗi. Gwajin has('win32') yana sanar da Vim cewa a Windows take, sai ta karanta layukan da suka shafi can kaɗai.

Matsalar da ta fi ba da wahala ba a ganinta da ido. Windows tana rufe kowane layi da alamomi biyu, CR da LF, alhali Linux da macOS suna amfani da LF kaɗai. Fayil ɗin saiti da aka adana da salon Windows yakan sa Vim a Linux ta cika allo da saƙonnin kuskure masu ɗauke da ^M. Saboda haka ake adana shi da LF, wanda Vim ke iya karantawa a Windows ma. Haka nan ya kamata a rubuta set encoding=utf-8 a farkonsa, domin tsohon tsarin Windows-1252 ba shi da gurbin ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar.

Kalmomin sirri kuwa ba sa shiga rumbun. Ana barin su a wani fayil dabam a kowace na'ura, domin abin da ya taɓa shiga tarihin Git yana nan ko bayan an goge shi daga sabon kwafi.